Hasashen da aka yi kan cinikin intanet tun farko, da inda doka ta tsaya

Ƙanena ka tambaye ni cewa lokacin da aka fara saye da sayarwa ta intanet me masana suka yi hasashen zai faru ta fuskar doka, kuma nawa ne a ciki ya tabbata, tunda a kai za ka rubuta furojet ɗinka na ƙarshe. Na ji daɗin tambayar sosai don aikin da nake ci da shi kenan, shari'ar ciniki, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min rai a wannan batu. Masu hasashen nan sun kashe ƙarfinsu a kan abubuwa biyu, sa hannu da iyakar ƙasa, alhali su biyun doka ta warware su ba tare da wata wahala ba, abin da ya fi cin mutane kuwa, wato wa zai ɗauki asara idan kuɗi ya tafi kaya ba su zo ba, kaɗan ne suka tsaya a kansa.

Ka fara riƙe lokacin tukuna. Har farkon shekarun 1990 babbar hanyar da intanet ɗin Amurka ke bi ta gwamnati ce, ta jami'o'i da masu bincike, kuma ƙa'idarta ta hana harkar kasuwanci a kai. A hankali aka sassauta, a 1995 aka rufe ta kamfanoni suka karɓa. A watan Agustan 1994 wani ƙaramin shago mai suna NetMarket ya sayar da faifan CD ɗaya kan dala 12.48 da katin banki ta hanyar da aka kulle bayanan, shi ake yawan kawowa a matsayin ciniki na farko. Amazon ya fara sayar da littattafai a Yulin 1995, eBay ya biyo baya a Satumbar shekarar. To kaga duk maganar da za mu yi ta mutanen da ke kallon jariri ce suna faɗin irin mutumin da zai zama, don haka ni bana yi musu dariya ko kaɗan.

Akwai waɗanda suka ce abin ba zai je ko'ina ba. Clifford Stoll, masanin taurari ne kuma ya san kwamfuta ƙwarai, ya rubuta a mujallar Newsweek a Fabrairun 1995 cewa babu amintacciyar hanyar tura kuɗi ta intanet, kuma ko da an samu, an rasa wani ginshiƙi na ciniki wato ɗan adam mai sayarwa da za ka yi magana da shi. Yau ana ta yawo da rubutun ana cewa ya kwafsa, kuma ya kwafsa ɗin, amma ka lura abin da ya sa yatsa a kai amana ce, kuma nan ciwon yake har gobe. Ɗaya ɓangaren kuma sun ce nan da 'yan shekaru za a rufe shaguna, aka yi ta zuba kuɗi a duk kamfanin da sunansa ya ƙare da dot kom har kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta kai ƙololuwa a Maris 2000 sannan ta rikito, Pets.com ya mutu a shekarar, Webvan mai kai cefane gida ya bi shi a 2001. Lokacin da hukumar ƙididdigar Amurka ta fara lissafi a ƙarshen 1999 cinikin intanet bai kai kashi 1 cikin 100 na cinikin ɗai-ɗai ba, yanzu bayan shekara ashirin da wani abu yana wajen kashi 16. Ya girma, amma shaguna suna nan.

To mu shiga dokar. Hasashe mafi ƙarfi shi ne cewa intanet wata duniya ce daban wadda hannun gwamnati ba zai kai ba. John Perry Barlow ya zauna a Davos a Fabrairun 1996 ya rubuta abin da ya kira shelar 'yancin kan duniyar intanet, yana gaya wa gwamnatoci cewa ba su da iko a can. A shekarar kuma lauyoyi biyu, David Johnson da David Post, suka fito da maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar Stanford da hujja mai nauyi: doka tana tafiya ne da ƙasa, kotun Kano tana da hurumi a kanka don kana Kano, to mai saye yana Faransa mai sayarwa yana Amurka kwamfutar da shagon yake ciki tana wata ƙasa ta uku, dokar wa za a bi? Suka ce dole intanet ya yi nasa dokokin. Wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a Chicago, Frank Easterbrook, ya ce sam, ya ce ware dokar intanet kamar a ce za a ware dokar doki ne, ai in an sayar da doki dokar ciniki ce, in doki ya harbi mutum dokar ɗiyya ce, ka koyi waɗannan ka gama da doki. A ganina shi ya fi kusa da gaskiya a kan kwantiragi, amma bai hango girman da 'yan tsakiya za su yi ba, zan zo kan wannan.

Shari'ar da ta karya maganar su Barlow ita ce ta Yahoo a Faransa a shekarar 2000, kuma ina so ka karanta ta da kyau. Dokar Faransa ta haramta baje kolin kayan 'yan Nazi, su tuta da lambobi da kaki. A shafin gwanjo na Yahoo na Amurka kuwa ana sayar da su, kuma mutum yana zaune a Paris yana gani. Ƙungiyoyin yaƙi da wariya suka kai ƙara. Yahoo ya ce mu kamfanin Amurka ne, kwamfutocinmu suna California, tsarin mulkinmu ya ba mu 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ma ba yadda za a yi a gane wane ne Bafaranshe a intanet. Alƙali Jean-Jacques Gomez bai tsaya gardama ba sai ya naɗa ƙwararru uku, cikinsu har da Vint Cerf wanda yana cikin waɗanda suka ƙera intanet ɗin da hannunsu, ya ce su duba. Suka dawo suka ce ana iya gane wajen kashi 70 cikin 100 na masu shiga daga Faransa ta lambar adireshin kwamfutarsu. Wani abin kuma da ya fito fili, in ka shiga shafin daga Faransa tallar Faransanci ake nuna maka, kenan kamfanin ya san inda kake idan kuɗin talla ne. A Nuwamba alƙali ya tabbatar da umarnin toshewa da tara mai nauyi a kan kowace rana, a Janairun 2001 Yahoo ya cire kayan daga gwanjonsa.

Darasin da gwamnatoci suka ɗauka daga nan shi ne ba sai ka kama intanet ba, ka kama abin da ke cikin ƙasarka: reshen kamfanin, asusun bankinsa, masu ba shi talla, bankin da ke wuce masa da kuɗi. A 2002 babbar kotun Ostireliya ta ce ɗan kasuwa Joseph Gutnick zai iya ƙarar kamfanin jarida na Dow Jones a jiharsa ta Victoria kan labarin da aka ɗora a Amurka, don a can aka karanta kuma a can sunansa yake. Kuma irin wannan tunanin ne ya kawo mu 2024 da hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. A 1996 da ka faɗi haka za a ce mafarki kake.

Sai batun sa hannu, wanda lauyoyin lokacin suka ɗauka shi ne dutsen da zai tare hanya. Tsofaffin dokoki da yawa suna cewa a rubuce, da sa hannu, da takarda ta asali. Imel rubutu ne? Danna maɓalli sa hannu ne? Jihar Utah ta Amurka ta yi doka a 1995 ta ce maganin shi ne kowa ya mallaki mabuɗin sirri na lissafi wanda wani kamfani mai lasisi zai tabbatar nasa ne, Jamus da Malesiya suka yi makamanciyarta a 1997. Hasashen shi ne kowane mai saye zai riƙa yawo da irin wannan mabuɗin kamar katin shaida. Mutane ba su karɓa ba, abin ya yi nauyi, daga baya Utah ɗin ma ta soke dokar. Hanyar da ta yi nasara ita ce ta hukumar dokokin ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCITRAL, a samfurin dokarta na 1996. Su tambaya suka yi, me ake nema da sa hannu tun asali? A san wane ne, kuma a san ya yarda. To duk abin da ya cika wannan aikin ya wadatar, kuma kada a ƙi hujja don kawai ta lantarki ce. Shi kenan fa. Ƙasashe da dama suka kwafa. Amurka ta yi tata a 2000, Bill Clinton ya sa mata hannu da katin lantarki a Philadelphia ranar 30 ga Yuni, ya kuma sa da biro.

Kotuna kuma suka ɗauko tsohuwar ƙa'idar tayi da karɓa suka ɗora. In an nuna maka sharuɗɗa ka danna na yarda, ka shiga kwantiragi ko baka karanta ba. In kuwa an ɓoye sharuɗɗan can ƙasan shafi inda sai ka gangara za ka gani, ba su hau kanka ba, wannan shi ne hukuncin Specht da Netscape a 2002 wanda mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta tun kafin ta je kotun ƙolin Amurka. Damuwata a nan ita ce doka ta sauƙaƙa yarda har ta zama ba yarda ba, wa ke karanta shafi arba'in kafin ya danna? Kamfani ne ke rubutawa shi kaɗai, kai dannawa ce taka. Turai sun ɗan gyara da ba wa mai saye daga nesa damar fasa ciniki, kwana 7 na aiki a dokarsu ta 1997, aka mayar 14 a 2011.

Bari in ɗan ratse nan don akwai abin da ɗalibanmu ba sa sakawa kuma ya kamata. Malaman fiƙihu sun riga su Utah zama a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a Maris 1990 kan ƙulla ciniki ta teles da fakas da kwamfuta, ta ce ciniki yana ƙulluwa idan tayi ya isa wajen wanda aka yi wa kuma ya karɓa, in ta waya ce kuwa hukuncin waɗanda suke zaune wuri ɗaya ne, sai ta ware aure saboda shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da salam, wato biyan kuɗi kan kayan da za a kawo daga baya, saboda sai an ba da kuɗin nan take. Tun kafin wannan ma, a mazhabarmu ta Malikiyya an san sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya yi babi kan sayar da dila bisa takardar da ke lissafa abin da ke ciki ba tare da an kwance ba, in kaya sun zo daidai da siffa ciniki ya hau kanka, in sun saɓa kana da zaɓi. Duk ɗan Kantin Kwari ya san wannan a aikace. Hoton atamfa a waya siffa ce. Shi ya sa nake cewa Easterbrook yana da gaskiya, tambayoyin tsofaffi ne suka sake riga.

Haraji ba zan daɗe a kai ba. Gwamnatin Clinton ta fitar da manufa a Yulin 1997 cewa 'yan kasuwa ne za su ja gaba, gwamnati ta ja baya, a 1998 aka yi dokar hana sabon haraji kan shiga intanet, ƙungiyar ciniki ta duniya ma ta dakatar da kuɗin fito kan abin da aka turo ta waya. Akwai kuma hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Quill na 1992 da ya ce jiha ba za ta tilasta wa mai sayarwa ya karɓar mata harajin ciniki ba sai yana da shago ko sito a cikinta, wannan ya ba su Amazon rata ta shekaru a kan mai shagon unguwa. Mutane suka ɗauka haka za a dawwama. A 2018 kotun ƙoli ta rushe Quill a shari'ar Wayfair da alƙalai 5 a kan 4. Turai tun 2003 take karɓar VAT daga kamfanonin waje, Najeriya ma ta bi sahu bayan dokar kuɗi ta 2019. Gwamnati tana iya jinkiri a komai amma banda kuɗin shiga.

Yanzu ga inda nake so ka zauna. An yi hasashen cewa katin banki bai dace da intanet ba, sai an ƙirƙiro sabon kuɗi na lantarki. David Chaum ya kafa DigiCash a Amsterdam da fasaha mai ban mamaki, kuɗi ne da ko banki ba zai san me ka saya ba, wani banki a St. Louis ya gwada a 1995, a 1998 kamfanin ya karye. Visa da Mastercard da kansu sun fito da wani tsarin tsaro mai suna SET a 1996 shi ma bai kama ba. Me ya ci? Tsohon katin nan dai, da 'yar alamar kwaɗo a burauza. Kuma dalilin ba fasaha ba ce, doka ce da aka yi tun babu intanet: a Amurka tun 1970 in an saci katin bashinka aka yi sayayya ba za a caje ka fiye da dala 50 ba, dokar 1974 kuma ta ba ka damar ƙin biya idan kaya ba su zo ba, banki ya janyo kuɗin daga wajen mai sayarwa. Ba'amurke ya saki jiki da baƙon shago ne don ya san in an cuce shi ba shi zai kwana da asarar ba. Amanar da Stoll ya ce babu, wannan dokar ce ta samar da ita, kuma masu hasashen ba su cika ambatonta ba don ba sabuwa ba ce.

Haka batun dillali. Bill Gates da wasu sun yi ta cewa za a samu kasuwa marar tangarɗa, mai ƙera kaya zai haɗu da mai saye kai tsaye, ɗan tsakiya ya mutu. Duk wanda ya taso kusa da kara ko kasuwar hatsi zai gaya maka dillali ba haɗa mutane kawai yake ba, shi ne wanda ake riƙewa in saniya ta zama ta sata, la'adarsa kuɗin amana ce. Intanet bai kashe shi ba, ya haifi dillalan da duniya ba ta taɓa ganin girmansu ba, fiye da rabin kayan da ake saye a Amazon na wasu 'yan kasuwa ne shi la'ada yake ci. Matsalar ita ce dokokin farko, sashe na 230 na dokar Amurka ta 1996 da dokar cinikin lantarki ta Turai ta 2000, an rubuta su ne da tunanin cewa waɗannan ƙananan masu ba da wuri ne, a kare su kada ƙara ta kashe su. Sai aka wayi gari da dillali mai cin la'ada wanda in kaya sun fashe zai ce ni allo ne kawai. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya kai eBay ƙara kan jabun kaya ya faɗi a 2010. Sai a 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara a California ta ce Amazon zai iya ɗaukar alhakin batirin laftof da ya fashe ya ƙona wata mata duk da wani ne ya sayar ta shafinsa. Shekara 25 kafin a dawo kan abin da sarkin dillalai ya sani.

Mu a nan namu ya bi ta wata hanya. Kotun ƙolinmu tun 1969 a shari'ar Esso da Oyegbola ta ce doka ba za ta rufe ido daga kwamfuta ba, amma dokar shaidarmu ta zamanin Turawa ce ta shekarun 1940, har a 2009 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ƙi karɓar bayanin asusun banki da aka buga daga kwamfuta a shari'ar wani tsohon minista, sai kotun ɗaukaka ƙara ce ta gyara a 2010. Dokar shaida ta 2011 ta zo da sashe na 84 wanda ya buɗe ƙofa, da sharaɗin satifiket mai bayanin na'urar da ta fitar da hujjar da cewa lafiyarta ƙalau, sashe na 93 kuma ya amince da sa hannun lantarki. Jumia da Konga da suka fara a 2012 sun gane ba mu da waccan kariyar ta kati a zukatan mutane shi ya sa suka shigo da sai kaya sun iso ka biya. Amma yawancin cinikinmu yau ba a can yake ba, yana WhatsApp da Instagram da TikTok, ga akawun lamba yi tiransifa turo shaidar biya, kuma tiransifa in ta tafi ba ta da igiyar da za ka janyo ta.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo ofis da yayanta, kayan lefen ƙaninsu ta yi oda wajen wata mai sayar da leshi da ta gani a waya, naira dubu ɗari huɗu da tamanin, ta tura a biyu. Kwana uku ana ce mata kaya suna tasha, rana ta huɗu aka yi bulokin ɗinta. Ta miƙo min wayar hannunta na rawa, gilashin ma a fashe, tana gangarawa tana nuna min hoton leshin da muryar matar tana cewa wallahi Hajiya gobe-gobe. Ta tambaye ni, Barista wannan hirar za ta karɓu a kotu? Na ce za ta karɓu, akwai tayi akwai karɓa akwai biya, kwantiragi ne cikakke, sashe na 84 zai shigar da hirar da alat ɗin, kada dai ki goge komai kuma kada ki sayar da wayar. Duk tambayoyin da suka hana lauyoyin 1996 barci na amsa mata su cikin minti biyu. Sai yayan ya ce to wa za mu kai ƙara, a ina take? Sunan da ke kan asusun ba shi ne na shafin ba, lambar a kashe, shafin ya canza suna. Muka rubuta wa bankinta a ranar, muka kai koke wajen 'yan sanda, muka nemi umarnin kotu a riƙe asusun a kuma ba mu bayanan mai shi. Kafin umarnin ya fito an kwashe kuɗin ta POS a wani gari, abin da ya rage a ciki bai kai kuɗin motar da suka kashe suna zuwa wajena ba, kuma bikin saura sati biyu.